Kyamarar Yayana da Hoton Ajinmu

Ranar da za a ba mu takardar shaida a ajin yaƙi da jahilci, ni da bakina na hana a kira mai hoto. Ina da tsohuwar kyamarar marigayi yayana, mai fim, na ce ita za ta yi aikin. Mu ashirin muka taru a gindin darbejiya, har da Hajiya Rabi da ta zo daga Kurni da sabon leshinta.

Na ɗauki hoto goma sha biyu lafiya, sai hannun da ke jan fim ya cije.

"Bari kawai mu ɗauka da waya," in ji Malam.

"Haba Malam, aikin haƙuri ne, kuma kun san ni da haƙuri."

Na koma cikin rana don in gani da kyau, na buɗe bayan kyamarar. Na zaro fim ɗin duka a hankali, na ɗaga shi sama ina neman inda ya sarƙe, na hure shi, na mayar. Hannun ya saki. Har tafi aka yi mini.

Bayan mako biyu aka wanko hoton daga Damagaram, baƙi ƙirin, ko kunnen mutum babu. Ashe rana ta ƙone fim ɗin.

Hajiya Rabi ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ga ni nan, ta uku daga hagu. Leshin ya fito."

Shekara huɗu ke nan. Har yau in na doso majalisa sai wani ya ce, "Ku shige inuwa, ga mai hoto nan."