Yadda Ake Samun 'Yar Alhaji da Ɗan Akwatin "Kullum"

Kai saurayi mai neman aure a gidan da ya fi ƙarfinka, matso kusa. Dabarar da zan ba ka an gwada ta a Ƙofar Taramniya a ƙarshen mulkin soja, lokacin da ake yini a layin mai a tashi babu, kuma ta yi aiki ɗari bisa ɗari. Abokina Gidaɗo ne ya gwada, ni kuwa na ci shinkafar bikin har na yi ƙari. Ba ka buƙatar mota, ba ka buƙatar digiri.

1. Nemo surukin da ya sayi kwamfuta bai san dalili ba

Na Gidaɗo shi ne Alhaji Tambari mai shagon shadda, mahaifin Kaltume. Ya ga kwamfuta a wurin wani abokin cinikinsa a Kano, ya ce ba za a fi shi ba. Aka kawo ta shago, aka ba ta tebur da fanka tata ita kaɗai, aka lulluɓe ta da yadin da ya fi rigar Gidaɗo tsada. Abin da Alhaji ya fi so a cikinta hotonsa ne na aikin Hajji, wanda mai sayarwa ya saka masa kyauta.

2. Ka ce ka iya

Ranar da Gidaɗo ya je gaisuwa, ya durƙusa, Alhaji ya tambaye shi sana'arsa.

"Ina ɗan taɓa kwamfuta, Baba."

Ba ƙarya ya yi ba. Ya taɓa ta sau ɗaya, ranar da ya taya wani sauke ta daga mota. Masana sun yi ittifaƙi cewa taɓawa taɓawa ce.

3. San makaminka

Kowane fayil yana da manhajar da ke buɗe shi, kamar yadda kowane kaya ke da rumfarsa a kasuwa: hoto da tasa, rubutu da tasa. Amma in ka danne wani maɓalli, ka latsa linzami, wato ɗan abin hannun da ake sarrafa kwamfuta da shi, ta dama, injin zai ba ka damar zaɓar wata. Zai jero maka su, a ƙasa kuma ga wani ɗan akwati da ke cewa kullum a yi amfani da wannan. Ɗan akwatin nan dokar soja ce. Da ka sa masa maki, ba ɗaukaka ƙara.

Gidaɗo bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Da Alhaji ya zaunar da shi ya buɗe masa hoton, gwiwar hannu ta danne maɓallin, yatsa ya kauce dama. Da jerin ya fito sai ya yi ta lalube har ya ga alamar da ta fi kyau a ido, ya zaɓa, ya bar ɗan akwatin da makinsa don kada ya ji an raina shi.

4. Tara jama'a

Abin kunya in ba shaidu ɓata lokaci ne. Alhaji ya kira maƙwabcinsa Malam Arzika mai hatsi da dattawan layin su zo su ga hotonsa cikin harami. Aka jeru, aka gyara tabarau. Gidaɗo ya danna hoton.

Fuskar kwamfuta ta koma kore shar. Karta ta rabu da kanta, ja da baƙi, sahu-sahu.

Malam Arzika ya leƙa ya daɗe, sannan ya ce, "Alhaji, wane ne kai cikin waɗanga?"

Alhaji ya juyo a hankali. "Yaro, mi ke nan?"

5. Kada ka taɓa cewa ba ka sani ba

"Horon hannu ne, Baba," in ji Gidaɗo. "Injin ba ya nuna hoto mai daraja sai ya tabbatar mai shi ya iya riƙon linzami."

Dattawa suka gyaɗa kai, suka ce lallai nasara bai bar komai ba. Da aka watse, Gidaɗo ya zauna gyara. Ya bi sauran fayiloli ɗaya bayan ɗaya yana maimaita abin da ya yi, ko Allah zai sa ya gane inda ya kauce. Kafin masu wuta su ɗauke, rubutu karta, sauti karta, hatta shuɗin layin nan da ake dannawa ya kai mutum wani shafi, shi ma karta.

Da ya je zance, Kaltume ta tsaya a bakin zaure ba ta ko shimfiɗa tabarma ba.

"Baba ya ce in hotonai bai dawo ba kafin Juma'a, kada ka sake tako ƙofar nan. Wai da gaske ka iya?"

"Na kusa," in ji shi. Ta kalle shi, ta koma ciki. Ranar ko furar da aka dama masa a gida bai iya sha ba.

6. Je ka koya a ɓoye

Ya taka a ƙasa cikin zafin rana har Gidan Dahala, wurin masu buga takardu, ya yi ta zama yana kallon hannunsu kamar mai jiran aiki. A can ya gane cewa hanyar da ta ɓatar da shi ita ce ta komawa: ka danne maɓallin, ka latsa ta dama, ka zaɓi manhajar da ta dace, ka sa wa ɗan akwatin maki. Doka ce ke soke doka.

Ya dawo da gudu ya mayar da kowane fayil rumfarsa. Ya danna hoton, sai ga Alhaji cikin harami, fari tas, yana murmushi.

7. Kada ka jira godiya

Alhaji ya kalli hoton kamar na wani baƙo. Ya leƙa waje, ya janyo ƙofar shago, ya rage murya.

"Ina horon hannun?"

Ashe tun ranar da abin ya faru, da an sallame azahar sai ya rufe shago ya zauna horo.

"Jiya saura kaɗan in jera su duka, wani jan sarki ya ɓoye min. Maido shi."

Gidaɗo ya riga ya san wasan yana da mazauninsa daban, dannawa biyu ce kawai. Bai faɗa ba, kai ma kada ka faɗa.

"Zai dawo, Baba, amma sai ana zuwa kullum ana buɗe muku shi."

Alhaji ya shafa gemu. Can ya ce, "To ka turo magabatanka. Ba ni son bare shi riƙa ganin wagga harka."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin hoton da ya ɓace, ko dattijon da ya daina gaisawa da kai, ko surukin da ya jefe ka da linzami. In dabarar ta ƙi, hannunka ne. In kuma ta yi, ka kuka da kanka, domin Alhaji tuni ya daina rufe shago da azahar. Yana can ciki yana neman jan sarki, Gidaɗo kuwa yana bakin ƙofa cikin rana yana auna shadda shi kaɗai.