Ƙarin da na gano a muƙamuƙin Inna Kulu

Ba zan taɓa mantawa da hoton haƙorin Inna Kulu ba, kuma tunda 'yan ajinmu ma sun ƙi mantawa, gara in gyara musu labarin. Cewa suke ban san ƙa'ida ba. Na san ta sarai. Sauri kawai nake yi.

Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ba a yanke Kebbi ba tukuna, na gama sakandare, aka ɗauke mu koyon aikin tsaftar haƙori a wani asibiti a Birnin Kebbi. Mai koya mana ɗaukar hoto Sista Laraba ce, 'yar Filato, mai magana a hankali kamar ana biyanta kuɗin jinkiri. Kullum sai ta maimaita: a sa wa marar lafiya rigar dalma, shi zai danne fim cikin bakinsa da yatsarsa, ke kuwa ki koma bayan bango kafin ki danna maɓallin injin. Hasken injin ba ya zafi, amma taruwa yake a jiki. Wadda duk ta riƙe fim da hannunta, ta haɗa kayanta.

Ranar wata Juma'a Sista ta tafi taro, ni kuma hankalina na tasha, kar motar garinmu Argungu ta cika ba ni. Sai ga wata tsohuwa daga Gulma, Inna Kulu, kunci a kumbure, hannuwa biyu ɗaure da tsumma. Lallen bikin jikarta aka sa mata, haƙori ya tashi.

Na ce, "Inna, kwance hannu ɗaya ki riƙe wannan."

Ta ce, "In kwance mi? Bai kama ba, ɗiyata. Kina so gobe in shiga mutane da hannu kamar na mai jinya?"

Na roƙa, na yi faɗa, ta kafe. Na duba ƙofa, ba kowa. Na cusa fim, na maƙale shi da yatsu biyu, na miƙa ɗaya hannun na danna. (Ita dai na sa mata rigar dalma, a rubuta mini wannan ladar.)

Da na wanke hoton a ɗakin duhu, sai ga wani dogon abu fari ya gitta saiwoyin haƙoranta, har da lanƙwasa. Gabana ya faɗi, daga baya kuma daɗi ya kama ni: ni na gano! Na fito na ce wa Inna wani ƙari ya fito mata a muƙamuƙi, da wuya ba a kai ta Sakkwato an yanka ba. Ta ce, "To, bari in ga an kai yarinya ɗakinta tukuna." Ta tafi ko maganinta ba ta karɓa ba.

Ni mai saurin mota sai ga ni zaune ina jiran Sista. Tana dawowa na tara 'yan aji da kaina, na ɗora hoton a fitila, na yi bayani har da nuni da biro.

Sista ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ƙarin nan yana da gaɓoɓi."

Na ce, "Shi ya sa na ce babba ne."

"Ɗaga hannunki na dama."

Na ɗaga. Manuniyata a karkace take tun ranar da taɓarya ta same ta ina ƙarama. Sista ta kama ta, ta jera kusa da hoton. Lanƙwasa ɗaya, ko ɗigo babu bambanci. Wata daga baya ta ce, "Allah ya ba ki lafiya, yaushe za a kai ki Sakkwato?" Ajin ya ɓarke. Sista kaɗai ba ta yi dariya ba.

Ta ce, "Me kika faɗa wa matar?"

Nan ne kunyar gaske ta zo. Na faɗa mata. Ta ce maganar korata sai Litinin.

Abin da na koya dai shi ne, kafin ki gano wa mutum cuta, ki duba inda kika bar hannunki. Na ɗauki jakata da maganin Inna, na wuce tasha. Motar Argungu saura mutum ɗaya, ɗan kamasho na kirana da suna. Na ce masa ya cika da wani, ya nuna mini mai zuwa Gulma. Tsohuwar nan ba za ta kwana tana sallama da jikokinta saboda yatsata ba.