Yadda Za Ka Gama Karatun Iya Magana Ba Tare da Ka Buɗe Baki Ba

Ɗan'uwa, matso kusa. Idan kana cikin mutanen da magana ke ɓace musu da zarar ido ya yi musu yawa, kuma ƙaddara ta jefa ka sashen koyon aikin jarida da iya magana a jami'a, to kakarka ta yanke saƙa. Bi matakan nan sau da ƙafa, na yi maka alkawari za ka fito da takardar shaida mai hatimi, a rataye hotonka a bangon falonku, ba tare da wani mahaluki ya taɓa jin jawabinka ba. An gwada, kuma ta yi. Wanda aka gwada a kansa yana nan da ransa a unguwarmu a birnin Irbid. Sunansa Kusai, ɗa na biyu a gidan Abu Haisam direban bas.

Mataki na 1: Samu uba mai buri

In ba don wannan ba, me zai kai ka sashen tun farko?

Abu Haisam mutum ne mai zuciya, sai dai Allah bai ba gidansu baki ba. Duk lokacin da sha'ani ya taso, neman aure ne ko sulhu, sai ya sa rigarsa ta Juma'a ya je ƙofar wani tsohon kansila, ya roƙe shi ya zo ya yi magana da yawunsu. Kansilan ya shanya shi a tsaye, ranar taro ya zo a makare, ya cika wa mutane kunne da yabon kansa, ya cinye naman da ke saman mansaf, shinkafar biki, ya goge baki ya tafi. Abin yana ci wa Abu Haisam tuwo a ƙwarya.

Ranar da sakamakon sakandare ya fito, ya dafa kafaɗar Kusai ya ce, "Wannan shi zai zama bakinmu. Na gaji da aron harshe."

Kusai ya so ya tuna wa babansa cewa ko falafil, ƙosan garinmu, zai saya da yatsa yake nunawa. Ya buɗe baki, ya rufe. Uban ya ɗauka amincewa ce, ya fita gaya wa maƙwabta. Tun daga ranar Kusai abu ɗaya yake tsoro a duniya, kada babansa ya gane bakin da ya saya ba ya aiki.

Mataki na 2: Riga kowa ɗaukar kaya

Makon farko za a kai ku ɗakin ɗaukar shiri. Za ka ga 'yan ajinku suna turereniya a kan kujerar gaban kyamara, 'yan mata na gyara mayafi, samari na shafa gashi da ya sha mai har yana ƙyalli. Kada ka ko kalli kujerar. Nufi ƙafar kyamara ka saɓa a kafaɗa, ka naɗe waya a hannu, ka tsuke fuska kamar wanda aka bar wa amanar gari.

Masu hikima sun ce ba a tambayar mai ɗauke da waya ra'ayinsa. In ba su faɗa ba, to ya kamata su faɗa.

Kafin zango ya raba, duk rukunin da aka haɗa sai sun yi rigima a kan Kusai, don shi kaɗai ne ba ya neman a gan shi. Sauran su yi ta surutu, shi ya ɗaga babban yatsa daga bayan kyamara, maki kuma a raba daidai.

Mataki na 3: Tsaya a gaban aji, amma ka juya wa aji baya

Nan ne raggwaye ke faɗuwa, don darasin jawabi dole ne, kuma mai koyar da shi a lokacin Kusai ita ce Dakta Nawal, matar da ke jin "eh... to..." ɗinka daga ƙarshen zaure ta maimaita maka shi da muryarka. Kowane ɗalibi sai ya fito ya yi jawabi ita tana kaɗa biro.

Kusai ya same ta bayan darasin farko. Bai yi dogon bayani ba, dama ba shi da shi. Ya nuna kyamara ya ce, "Dakta, a ɗauka. Don su ga kuskurensu."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Kai ne na farko da ya yi tunani a ajin nan. Ɗauki."

Shi ke nan. Kowane mako yana tsaye a gaba, kusa da ita, yana gyara wa masu jawabi tsayuwa, yana ɗaure musu abin magana a wuyan riga. Da zango ya ƙare ta zo kan sunansa ta tsaya.

"Kusai, kai a kan me ka yi magana?"

Ya yi murmushi, ya ɗan sunkuyar da kai, irin na wanda ba ya son yabon kansa.

"Na tuna dai kullum kana gaba," in ji ta. "Kuma ban tuna na yi maka gyara ba." Ta ba shi maki mai kyau.

Riƙe wannan: malami ba ya son ya ce ya manta. Ba shi wuri, zai tuno maka jawabin da ba ka yi ba.

Mataki na 4: A gida, murya jari ce

Gida ya fi makaranta haɗari, don a gida ana son ganin abin da aka saya. Za a ce, "Yi mana irin ta masu labarai." Kada ka ƙi, kada ka yarda. Taɓa maƙogwaro, ka yi ɗan tari, ka ce an hana ku wahalar da murya. Naɗa ƙyalle a wuya ko da rani ne.

Sauran aikin bar wa uwa. Ummu Haisam ta ɗauki muryar Kusai kamar ƙwan da aka ba ta ajiya. Zuma da safe, shayin ganye da yamma, ruwan sanyi kuwa ko a mafarki. In baƙi suka matsa masa, ita ke tarewa.

"Ku ƙyale min yaro. Ku in kun je wurin likita a biki, allura yake muku?"

In an kunna talabijin, zauna kusa da babanka. Mai gabatarwa na fara magana ka ja tsaki, ka girgiza kai, ka ce, "Numfashi." Kalma ɗaya tak. Abu Haisam ya yi shekaru yana gaya wa fasinjoji cewa duk masu labaran ƙasar nan ba su iya numfashi ba, ɗansa ne ya gano.

Mataki na 5: Bar tsohuwa ta yi maka aikin kammalawa

Nemi tsohuwa mai surutu a ƙauye lokacin tsinkar zaitun, kafa mata kyamara, ka koma gefe. Kada ka sa muryar mai ba da labari. In alƙalai sun tambayi dalili, buɗe hannu ka nuna majigi. Ɗaya daga cikinsu zai ce, "Ya bar hoto ya yi magana," sauran su gyaɗa kai don kada a ce ba su gane ba. Haka Kusai ya fita da yabo, Abu Haisam ya ɗebo dangi cikin bas yana ta danna oda har ƙofar jami'a.

Mataki na 6: Kada ka bari yayanka ya faɗa soyayya

Wannan matakin ba a hannunka yake ba, amma dai na faɗa.

Haisam, yayan Kusai, makanike ne, kuma ya daɗe da mutuwa a kan wata ma'aikaciyar jinya mai suna Ragad. Iyaye mata suka gama nasu, aka sa ranar da maza za su je neman aure. Ummu Haisam ta ce a je a gaida kansila.

"Ba inda za ni," in ji Abu Haisam. "Ina da mai magana a gidana zan je in tsaya ƙofar wani? Kusai ne zai nema."

Kusai ya kwanta da mura ta ƙarya. Uwarsa ta warkar da ita kafin azahar. Ya ce ai shi yaro ne, dattawa ake sawa. Uban ya ce takardarsa ta girmi gemun kansila. Sai Haisam ya shigo da baƙin mai a hannu, ya rungume shi haka nan.

"Ƙanena, dangin nan suna da tsauri, kawunta tsohon soja ne. Amma ni hankalina kwance. Kai dai yi musu irin wadda kuka koya."

Gaba kura, baya sayaki. In ya faɗi gaskiya ya karya zuciyar babansa, in ya yi shiru ya jefa auren yayansa a rijiya. Ya yi abin da ya ƙware a kai, ya yi shiru.

Mataki na 7: In an miƙo maka gahawa, ajiye ta

Ka dai san al'ada. Ana zuba gahawa a finjali a miƙa wa mai magana, shi kuma ya ajiye ta a gabansa. Ba ya sha sai ya faɗi abin da ya kawo su, dangin yarinya sun ce, "Ku sha gahawarku." Yaron goye ma ya san wannan.

Zauren ya cika maƙil, dangin ango a gefe ɗaya, na amarya a ɗaya, kakan Ragad, Hajji Mufleh, a tsakiya da sandarsa. Aka miƙa wa Kusai finjali. Ya ajiye. Ya miƙe tsaye. Yau babu kyamarar da zai laɓe a bayanta, idanu ne kawai, har da na babansa da ke ƙyalli don alfahari.

Harshensa ya manne. Cikin duk abin da aka koyar a sashen nan, abu ɗaya ne ya faɗo masa, shawarar da ake ba masu jawabi cewa in maƙogwaro ya bushe, ka kurɓi abin da ke gabanka ka samu sarari. Hannunsa bai yi shawara da kansa ba. Ya ɗauki finjalin ya shanye.

Kawun nan tsohon soja ya gyara zama a hankali.

"Madalla," in ji shi. "Ashe baƙi ne, ba masu nema ba. Ko kuwa kun ba kanku amsa tun daga gida? Tunda an sha, a kawo musu kunafa su lashi zaƙi su kama hanya."

Haisam ya dafe kai. Abu Haisam ya sunkuya yana kallon hannayensa, kuma wannan ne ya fi yi wa Kusai ciwo. Tausayin tsohon ya kama shi har ya fi tsoron da yake ji. A nan ne yaron ya saki layin da na ɗora shi, ya buɗe baki.

"Kawu, ku yi haƙuri," ya ce. "Ban iya magana ba. Ban taɓa iyawa ba, ɓuya na yi ta yi a makaranta. Maƙogwarona ne ya bushe, ba raini ba ne. Laifina ne, ba na Haisam ba. Shi mutumin kirki ne, yana son 'yarku, ko layinku zai bi sai ya wanke hannu ya sake riga, ko da ba za ta gan shi ba. Ku ba shi. Ni ku yi min hukuncin da kuka ga dama."

Ya tsaya da finjali a hannu, bai san inda zai sa shi ba.

Hajji Mufleh ya jingina da sandarsa. "Ka gama?"

"Na gama, Kaka."

"Babu tarihin kakanni? Babu baitocin yabo?"

"Babu."

"Tun ina saurayi nake zaman neman aure," in ji tsohon, "yau na fara ganin wanda ya ƙare kafin ƙafata ta sage. A sake zuba masa. Wannan karon, ɗana, jira in ce ka sha."

Aka zuba, aka ce su sha, aka karanta Fatiha. Kawun bai yi dariya ba, amma shi ya miƙo wa Kusai kunafa da hannunsa.

A hanyar gida Kusai ya zauna kusa da babansa a gaban bas, dangi na shewa a baya. Sun yi nisa kafin ya iya cewa, "Baba, ba dabara ba ce. Gaskiya na faɗa."

Abu Haisam bai ɗauke ido daga titi ba. "Na sani. Ni na haife ka. Kana zaton ban ga yadda kake sayen falafil ba?"

"To me ya sa ka tsayar da ni?"

"Don gara ɗana ya yi in'ina a kan baƙo ya yi min waƙa." Ya sauya giya. "Amma kada uwarka ta ji. Ta riga ta yi wa gidaje biyu alkawarin za ka nema musu aure, kuma Hajji Mufleh ya ce jikansa namiji na nan tafe, kai za ka nema masa."

A kula

Mai wannan jagora ya wanke hannunsa tas. Matakaina sun kai Kusai har ƙarshen karatu lafiya lau, shi ya buɗe baki, ba ni na aike shi ba. In yanzu duk Juma'a ana zuwa ɗaukarsa neman aure saboda an ji jawabinsa gajere ne, yana tafe yana gumi, wannan tsakaninsa da babansa ne. Haka kai ma, in ka bi shawarata ka rasa aiki, ko ka ɓata auren ɗan'uwa, ko ka wayi gari kai ne bakin unguwa, ba ruwana, ban san ka ba. In kuma kana da ƙorafi, ƙofata a buɗe take. Zo ka tsaya ka faɗa da bakinka, a gaban mutane.