Jajayen Kujerun Ammu Sale

Ba zan taɓa mantawa da jajayen kujerun Ammu Sale ba, ko da Allah zai ja kwanana in kai shekarun Sitti Indo. Har yau in na hango an jera irinsu a wani lungu, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, in canja hanya.

Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba. Zaman gida ya ishe ni, ni ma na ishi mutanen gidan, sai Ummi ta samo mini aiki a wani gidan kula da tsofaffin mata a unguwar Sharafiyya, nan Jidda, irin wanda masu hali ke ɗaukar nauyinsa. Yawancinsu namu ne, Hausawa, waɗanda suka zo hajji tun kafin a haifi Ummi, mazan suka mutu, 'ya'yan suka watse. Kowacce Sitti muke ce mata, wato kaka. Ni kuwa ba wadda ta taɓa kiran sunana a gidan nan. Yalla-Yalla suke ce mini, wato Maza-Maza, don ban iya jira mutum ya gama magana ba, balle in jira tsohuwa ta lalubo takalminta. (Ban musa ba. Ummi ta ce ko haihuwata ban bari an kai asibiti ba.)

Sitti Indo ce ta raɗa mini sunan. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai baki kamar reza, kunne ɗaya ya mutu, ɗayan kuma sai abin da ya ga dama yake ji. Ɗakinsu ɗaya da aminiyarta Sitti Kulu, can ƙarshen baranda, kullum cikin faɗa a kan mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki: wannan ta kunna ta ce zafi, waccan ta kashe ta ce ƙashinta. In la'asar ta yi kuma sai su fito tsakar gida da butar shayi, su zauna kafaɗa da kafaɗa suna yi wa duk wanda ya gifta sharhi. Yanzu a Abhur nake aiki, gaban teku, wurin da komai ke ƙamshin sabulu mai tsada, amma wallahi wani lokacin ƙamshin gidan can nake kewa: turaren wuta, man zafi, da na'ana'a a cikin shayi.

Sai Sitti Kulu ta rasu a asibiti. Ba ta da kowa. Aka yi mata salla, aka kai ta, shi ke nan, ko zaman makoki ba a yi ba. Daga ranar Sitti Indo ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Ba ta fitowa, ba ta amsa ƙwanƙwasa, tiren abinci yadda na kai haka nake ɗauko shi. Mudirarmu, wato shugabar gidan, Abla Maryam, ta ce in ta ci gaba a haka dole a kai ta asibiti a sa mata ruwa. Kowa kuwa ya san abin da Sitti Indo ta sha faɗa: wadda aka fitar a motar asibiti ba ta dawowa.

A nan ne basirata ta motsa. Na sha ganin bidiyo a waya, ana yi wa tsofaffin wasu ƙasashe bikin ranar haihuwa a irin gidajen nan, da kek da balan-balan, tsohuwa tana kukan daɗi. Na ce ai maganin ke nan.

"Ranar haihuwa?" in ji Abla Maryam. "Ita kanta ta san ranar?"

Ba ta sani ba. Abin da take cewa kawai, a hanya aka haife ta, iyayenta suna tafiyar ƙasa zuwa hajji, da damina, a gindin wata bishiya, kafin Sudan ko bayan Sudan.

"To ai ya fi sauƙi, Abla," na ce. "Kowace rana tata ce. Alhamis."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ki yi. Amma kada in ji maganar bikin haihuwa a bakinki a waje. Cikin masu taimaka mana akwai waɗanda ba sa so. Ki ce walima ce, ko kada ki ce komai."

Na zaɓi kada in ce komai. Ya fi sauri.

Na kira Ammu Sale (Ammu wato baffa), dattijon da ke ba da hayar kujeru da fitilu a unguwar, yana kuma haɗa mutum da masu dafa abincin taro. Ga yadda hirar ta kasance, ban rage ba, ban ƙara ba:

"Ammu, daga gidan tsofaffi ne. Muna son kujeru, da fitilu, da gahawa, da abinci. Alhamis bayan magariba."

"Subhanallahi. Wace ce, 'yata?"

"Sitti Indo."

"Indo? Ikon Allah. Ai ta manyanta. Yaushe ne abin ya..."

"Ta haura tamanin. Ammu, ina sauri, ka dai san abin da ake kawowa. Halas, shi ke nan?"

Na kashe. Ya kira ni, ban ɗauka ba. Na ce a raina tsofaffin nan da son jan magana.

Sauran tsofaffin gidan ban gaya musu ba, don magana ba ta kwana a bakinsu. Mai girkinmu kaɗai na gaya wa, na kuma ja mata kunne: duk wanda ya tambaye ki, ki yi shiru, kuma kada ki bar kowa ya je ƙofar Sitti Indo. Launin biki na zaɓi fari da ruwan zinare, kamar yadda na gani a bidiyon. Na sa mai girki ta sa farar riga, ni ma na sa tawa. (A Jidda aka haife ni. Na san sarai a garin nan matan gidan da aka yi rashi su ke sa farare. Ina wannan sanin ya tafi a makon nan, ban sani ba.)

Ranar Alhamis da hantsi Abla Maryam ta bi motar asibiti da wata Sitti mai ciwon suga, suka daɗe a can. Ni kuma kafin la'asar na tafi unguwar Safa karɓo kek, don na ce na Sharafiyya bai kai ba. Zahma, wato cunkoso, ta riƙe ni a hanya, motoci ko motsi, ina ta yi wa direban tasi masifa kamar shi ya tare titin.

Abin da ya faru a bayana, daga baya na ji. Ammu Sale ya zo ya jera jajayen kujerunsa sahu-sahu, na maza a ƙofar gida, na mata a tsakar gida, ya ja igiyar ƙwan fitila daga bango zuwa bango. Ya kawo gahawa da dabino, da manyan tirarrukan shinkafa mai hummus, wani irin wake, wadda duk ɗan Jidda da ya ji ƙamshinta ya san an yi rashi. Bai tsaya nan ba. Da aka idar da la'asar ya miƙe a masallaci ya ce baiwar Allah Indo ba ta da kowa, don Allah a zo a cika mata kujeru. Tsofaffin gidan suka ga kujeru, suka tuna motar asibitin da ta fita da safe, suka ruga wurin mai girki. Suka same ta cikin farar riga, ta tare hanyar ɗakin Sitti Indo, ta ƙi cewa uffan, kamar yadda na umarce ta. To me ya rage?

Ni ta ƙofar baya na shigo, ta kicin, don kada a ga kek. Na jiyo gunjin mutane daga tsakar gida, na ji daɗi har cikin raina. Na ce kai, Ammu Sale ya iya aiki. Na wuce ɗakin Sitti Indo da mabuɗina.

Tana kwance ta juya wa ƙofa baya, mukayyif na ruri. Gadon Sitti Kulu a gyare, carbinta a kan matashi.

"Sitti, tashi."

"Ke Yalla-Yalla, fita mini."

"Ba zan fita ba. Ko ki tashi in fitar da ke tsakar gida, ko gobe Abla ta fitar da ke a motar asibiti. Zaɓi."

Ta juyo ta harare ni. "Ummanki ta yi fama."

"Ta sha faɗa. Yalla."

Na ɗora ta a keken da muke tura su, na yafa mata sabon farin mayafi har ka, na ɗaura balan-balan a hannun keken. Na aza mata kek a cinya, na kunna kyandirori. Magariba ta riga ta wuce, barandar ba haske. Ku tsaya ku hango abin da kyau: tsohuwar da ta rame, lulluɓe cikin farin ƙyalle, wuta na haska fuskarta daga ƙasa, tana tahowa a hankali daga cikin duhu.

Na turo ta tsakar gida, na buɗe murya iya ƙarfina: "Mabruuuk!"

A daidai lokacin Hajja Rabi ce ke magana, mai sayar da kuka da daddawa a bayan layinmu, wadda suka shekara ba sa ga maciji da Sitti Indo a kan wani tsohon zance. Tana share hawaye tana cewa, "Indo, wallahi ban taɓa jin mummunar kalma a bakinta ba." Ta ɗago. Kofin gahawa ya faɗi.

Ban san tsofaffi na iya gudu haka ba. Wata Sitti da na fi wata shida ina ɗaga ta in kai ta banɗaki, da ƙafarta ta kai bakin ƙofa. Salati ko ta ina, kujeru na kifewa, maza a waje suna tambayar lafiya. Sai a lokacin idona ya ga abin da ke gabana: sahun kujeru, fitilu, akwatin izu-izu a kan tebur. Hancina ya ji shinkafar. Na dubi rigata. Na so ƙasa ta tsage.

Sitti Indo ta zame mayafin daga kanta, ta bi wurin da kallo.

"Wa ya mutu?"

Can Hajja Rabi, daga bayan wata kujera, ta ce, "Ke."

Sitti Indo ta juyo da kunnen mai ji. "Wa?"

"Ke, Indo! Ke aka ce!"

Ta dube ni. Ta dubi kek. Kyandir ya fara ɗiga. Sai kafaɗunta suka soma rawa, na ɗauka kuka ne, na ce shi ke nan na ƙarasa ta. Ashe dariya ce. Ta yi dariya har da tari, har na karɓe kek ɗin kada ya kifa.

"Rabi," ta ce, "me kike cewa ɗazu? Kunnena bai kama ba. Maimaita."

"Ban ce komai ba."

"Ƙarya kike. Na ga bakinki. Yabo ne. Maimaita, ina da rai, in ji da kunnena."

Ana cikin haka Abla Maryam ta dawo. Kallon da ta yi mini, da shi kaɗai na san ba sai ta yi magana ba. Ammu Sale ya tsaya daga bakin ƙofa, hula a hannu, yana cewa, "Abla, ni laifina me? Tun ina da baƙin gashi nake kawo kujeru gidan nan, ba a taɓa kirana don murna ba. Na tambayi yarinyar nan, ta kashe mini waya!"

Abla ta ce a kwashe komai, a ba mutane haƙuri. Sitti Indo ta ɗaga hannu.

"Ba inda za a kai su. Ku zauna." Dariyar ta tafi daga muryarta. "Kulu ta tafi ba wanda ya jera mata kujera ko ɗaya. Ni ma da nake aminiyarta ɗaki na shige. To ga kujeru, ga mutane, ga shinkafa. Wannan zaman na Kulu ne. Nawa ku bari sai na ba ku izini."

Aka tayar da kujerun da suka kife. Aka raba izu, aka yi karatu, aka yi wa Sitti Kulu addu'a. Mata suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna riƙe hannun Sitti Indo suna yi mata ta'aziyya, balan-balan na lilo a saman kanta, ba wanda ya tuna ya kwance su. Ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar. Bayan nan ta ce a zuba mata shinkafa. Ta cinye, ta ce a ƙaro. Ina tsaye ina kallon cokalin nan yana zuwa yana dawowa, ban taɓa jin daɗin jiran wani abu ba sai ranar.

Kek ɗina na Safa kuwa, ta ɗanɗana ta ce sukari ya yi yawa, a ba Rabi.

Ba a kai ta asibiti ba. Washegari da la'asar ta fito da butar shayi, Hajja Rabi ta zo, suka ɗora faɗansu daga inda suka tsaya. Ni kuma na samu sabon suna. Har na bar gidan, in na shigo sai wata ta ce, "Ku tashi zaune, ga mai kujeru nan, kada ta ga kun kwanta."

Mun ci gaba da yin bikin haihuwa a gidan, kowacce ta zaɓi ranar da ta yi mata. Sai dai ni ce nake zuwa da ƙafata in gaya wa Ammu Sale, a gaban shaidu, da launin rigar da zan sa.

Sitti Indo ta ƙara shekara biyu da wani abu. A gadonta ta rasu, da mukayyif a kunne. Abla ta ce ni zan kira Ammu Sale. Na kira, na gaya masa.

Sai ya ce, "'Yata, kin tabbata? Kin gani da idonki? Abla ta gani? Yaushe ne abin ya faru?"

Na jingina da bango na bar shi ya yi tambayoyinsa duka, har da waɗanda ya maimaita. Tun daga kansa, in tsoho ya fara tambaya, ko gobara ake yi sai na ji ƙarshenta.