Garina da Ruwan Bula a Toranke

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata Hajara a Toranke ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta.

Lokacin shekarata biyu ina digiri na biyu a fannin kimiyyar sinadarai. Kullum ni kaɗai a ɗakin gwaji, ina dafa ruwan ganyen zogale da sinadarin zink, in tace, in gasa, har ya zama wani farin gari mai laushin gaske. In ka zuba shi a ruwan da rini ya ɓata ka ajiye a rana, sai launin ya gushe. A gida kuwa ba wanda ya taɓa tambayata me nake yi. Da na fara bayani sai kowa ya tuna da wani aiki.

Ranar wuni ina zaune a gefen rumfa, tsofaffin ƙawayena suna ta hirar yara da kitso, ba ni da ta cewa. Sai Baffa Sale, yayan babanmu, ya tsaya a kaina.

"Wai ke me kike karantawa ne haka ba ya ƙarewa?"

Wallahi saura kaɗan in yi kuka don daɗi. Na zaro 'yar kwalbar garin daga jakata (e, har biki nake zuwa da ita, kada ku tambaye ni dalili). Na ce a kawo kwano da ruwa, na kaɗa bular wanki, na zuba garina, na ajiye a tsakar gida.

"Baffa, minti talatin, za ku ga ya koma fari."

Mata suka bar tukwane suka kewaye ni. Minti talatin ya wuce. Awa ta wuce. Ruwa shuɗi shar, ni kuma gumi har cikin ido. Sai a lokacin na tuna bula ba irin rinin da nake gwaji da shi ba ce, garina ba ya taɓa ta. Na kasa faɗa. Na ci gaba da juya ruwan da tsinke.

Goggo Rabi ta leƙo daga madafa.

"Bular kike son fitarwa? Ai da kin faɗa."

Ta matse lemon tsami uku a ciki ta koma kan tuwonta. Kan a jima launin ya fara dushewa. Aka yi ta guɗa, Goggo ake yi wa.

Baffa ya dafa sandarsa ya ce, "To, Allah Ya sa albarka. Ki dage."

Tun daga ranar, in aka tambaye ni aikina, da baki nake bayani. In kuma dole sai na gwada, sai na fara tabbatar Goggo ba ta gida.