Ranar da Aka Auna Miyar Iya Osanai

Ranar Talata da ƙarfe takwas na safe na tsaya a layi a bakin zauren unguwa, dusar ƙanƙara har idon sawu, ina rungume da fulas ɗin miya. Mutum arba'in da uku ne a gabana, kowa da nasa. Mai Girma Jagoran Yaƙi da Gishiri ne ya aiko da takarda cewa kowane gida ya kawo miyar daddawar miso ta karin kumallo a auna gishirinta. Idan na'ura ta nuna kore, ka tafi gida. Idan ta nuna ja, a liƙa maka jar takarda a ƙofa, kuma ka yi Asabar shida kana koyon girki.

Dole a yaba wa Mai Girma. Shekara uku ke nan ana mana alkawarin motar kwashe ƙanƙara, ba ta zo ba, amma na'urar auna miya ta iso cikin mako biyu, a akwati mai shimfiɗar karammiski.

A layin butar ruwan zafi ce ke zagayawa hannu zuwa hannu, kowa na rage gishirin miyarsa. Na sirka tawa har awarar ciki ta fara iyo. Mutum ɗaya ce ta ƙi karɓar butar, maƙwabciyata Iya Osanai, mai shekara tamanin da tara.

"Iya, ki ɗan sirka mana," na ce.

"Kai Fukushi, ji kunya. Da tsufana zan yi wa miya ƙarya?"

"Za su liƙa miki ja fa."

"Su liƙa. Masu wa'azin gishiri uku na je jana'izarsu, duk lami suke sha."

Amma na san abin da ke ranta. Miso ɗinta, daddawarmu ta waken suya, daga ganga ta ƙarshe ce da mijinta ya haɗa kafin ya rasu. Matar ɗanta kuwa ta riga ta faɗa ta waya: idan ja ta fito, ranar Lahadi gangar za ta tafi bola, a koma miyar leda ta kanti.

Da muka shiga aka gano na'urar ba ta auna miya mai sanyi. Mataimakin Mai Girma, wani Kasai mai furfura da farar safar hannu, ya yanke hukunci a ɗora kowace a kan rishon zauren. Ko ɗan firamare ya san ba a tafasa miso, amma wanda ya sirka miyarsa ba shi da bakin kare ta. Kasai ya ɗora tawa, sai Mai Girma ya kira shi a waya don jin ko an rataya hotonsa daidai. Kafin ya dawo, ruwan da na ƙara ya tashi sama, har da ƙari. Ja. Na rusuna na yi godiya.

Sai Iya. Kumfar farko na fitowa a gefen tukunya ta make masa hannu.

"Wa ya haife ka?"

"Iya, ƙa'ida ce…"

"Ba ɗan Tomeko mai tuffa ba ne kai? Ita ta koya maka korar ƙanshin miya? Gobe zan je kabarinta in gaya mata."

Kasai ya sauke tukunyar. A bar ta, na'ura ba ta yarda ba, wai zafin bai kai ba. A tafasa, Iya ba ta yarda ba. Takardarsa kuma gida biyu ne kawai, kore da ja.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ai harshe ma yana aunawa."

Ya kurɓa. Ya rufe ido. Ya sake kurɓa. Muna tsaye muna kallo har muka ji cokali yana kankare gindin tukunya.

"Haka tamu take a da," ya ce a hankali.

Sannan ya tsoma na'urar a tukunyar da ba komai cikinta sai zafi. Kore. Ya rubuta sifili, ya buga hatimi.

Ranar Juma'a Mai Girma ya sanar cewa an ci gishiri da yaƙi, kuma ba a taɓa samun miya mai tsafta irin ta Iya Osanai ba a tarihin garin. Aka ba ta takardar yabo a wajen walimar bandar kifi da tsimin kabeji, duk cike da gishiri, aka naɗa ta malamar ajin Asabar. Gangar Iya tana nan inda take, da takardar yabon liƙe a jikinta. Ni ne a benci na gaba. Darasin farko: ludayi biyu na miso a cike, kuma wanda ya kawo buta ya fita.

Motar ƙanƙara dai har yau shiru. Na rubuta wa ofis cewa ko gishiri a watsa mana a titi don ƙanƙarar ta narke. An amsa mini cikin ladabi cewa, bisa binciken hukuma, babu sauran gishiri a garin.