Yadda Za Ki Rasa Tallafi Da Mutuncinki

'Yar'uwa, idan mijinki ya tafi Jidda neman aiki, bai dawo ba, bai aiko ba, bai kuma sake ki ba, ga shi ma'aikaciyar tallafi za ta zo ganin halin da kike ciki, to bi matakan nan. Tabbas suna aiki. Inna Suhaila ta unguwar Hindawiyya ta gwada, ba ta samu komai ba.

1. Ki faɗa wa maƙwabciya.

A asirce Inna ta faɗa wa Basma ta saman bene. Basma ta dafe ƙirji.

"Baƙuwa guda ta zauna a kan wannan yagaggiyar tabarmar? Wallahi ba da raina ba!"

2. Ki karɓi aro.

Kafin la'asar layin duka ya taso. Wannan da kafet, waccan da labule, ga tiren gahawa mai ruwan zinariya, turaren wuta sai tashi yake. Firijin da babu komai ciki shi ne babbar shaidarki, don haka ki bari a cika shi da kaji. Inna ta so ta hana, amma rabon da ɗakin ya yi kyau haka tun tana amarya.

3. Ki amsa kamar 'yar gidan mutunci.

Ustaza Dalal, ma'aikaciyar, ta zauna tana shafa kafet.

"Inna, yaya rayuwa?"

"Alhamdulillahi, muna cikin ni'ima."

"Abinci yana isa?"

"Har ya yi yawa. Ƙara dabino, 'yata."

Maganar mai gidan haya da ke shirin korarta ta zo wa Inna har baki, ta haɗiye ta da gahawa. Wa ke yi wa baƙo kuka da kofi a hannunsa?

4. Kar ki manta da takalman.

Tun tafiyar mijinta, Inna ke ajiye takalman maza a bakin ƙofa, don kada a raina gidan. Ranar har goge su Basma ta yi. Ustaza Dalal za ta fita, ta tsaya.

"Ashe maigidan yana nan? Masha Allah."

Inna ta buɗe baki. Basma da ke tsaye a gefe ta riga ta.

"Barci yake yi."

A kula: mai wannan rubutu ba ta da hannu a duk abin da ya biyo baya, kar a zo mata gida. Basma ta kwashe kajinta kafin magariba. Takalman dai na Inna ne, suna nan suna sheƙi.